Mai Huda Gilashin Tankin Murjani

A shaguna da yawa da ke sayar da kifin ado na ruwan teku a Amurka da Jamus da Ingila, akwai mutum guda da ake nema idan an kawo tanki ana so a huda shi. Mai tanki ya zuba kuɗi masu kauri ya sayi akwatin gilashi da ko ƙwarzane babu, sa'an nan ya ƙara biyan wani ya yi masa rami biyu ko uku a jikinsa, alhali duk amfanin akwatin shi ne ya riƙe ruwa. Wanda bai san kiwon murjani ba zai ce wauta ce. Masu kiwon kuwa sun san cewa tankin da ba a huda ba shi ne wanda watarana zai juye ruwan gishiri a tsakar falo.

Murjani dabba ce, ko da yake ido yana ganinsa kamar dutse ko tsiro. Jan murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wani ɗan uwansa ne da aka daɗe ana cirowa daga Bahar Rum. Irin da ake kiwo a gida shi ne mai gina tsaunuka a ƙarƙashin teku mai ɗumi, kamar na gaɓar Bahar Maliya wajen Port Sudan da Jidda, da na Indonesiya da Fiji da Ostireliya. A cikin namansa akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke sarrafa haske ta ciyar da shi. Yana son gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ɗumin ruwa wajen digiri 25 zuwa 26, da tsabtar da kifin tafki bai taɓa nema ba. Kiwonsa bai daɗe da kankama ba. Sai da mannin silikon ya yaɗu a shekarun 1960 aka iya haɗa tanki na gilashi zalla, aka huta da firam ɗin ƙarfe da gishiri ke cinyewa. Tsarin da ake kira na Berlin, wanda ake dangantawa da masu kiwo na wannan birni da rubuce-rubucen Peter Wilkens a shekarun 1970, shi ya nuna cewa da duwatsun teku masu rai, da haske mai ƙarfi, da injin kumfa mai tsame datti, murjani zai iya girma a ɗaki.

Waɗannan injuna ne suka haifar da sana'ar. Injin kumfa, da na ɗumama ruwa, da matata, da famfo, ba wanda yake so ya gan su a tsakiyar murjaninsa. Sai aka ajiye wani tanki na biyu a cikin kabad ɗin da ke ɗauke da na sama, aka tara kayan a can. Ruwa yana gangarowa daga sama da nauyinsa, a tace shi, famfo ya mayar da shi. Kuma daga fuskar ruwan ake so ya fita, domin a nan maiƙo da ƙura ke taruwa su yi yana, ita kuwa yanar tana rage haske tana hana ruwan shan iska. Don haka ake manna wani ɗan akwati mai haƙora a bakinsa a cikin tankin, ruwan sama ya riƙa malalawa ta tsakanin haƙoran ya faɗa ciki, daga nan ya bi rami ya sauka.

Akwai hanyar gudun huda. Ana rataya akwati a bakin tanki, a sa lanƙwasasshen bututu ya tsallaka da ruwa ta saman gilashin, kamar yadda direba ke zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. Duk wanda ya taɓa yi ya san sharaɗin: muddin iska ta shiga tiyon, zuƙon ya tsaya. A nan ma ƙananan kumfa suna taruwa a ƙoƙon bututun kaɗan-kaɗan har ranar da ruwa zai daina sauka. Famfon ƙasa kuwa bai san an daina ba, yana ta turowa, sai tankin sama ya cika ya tumbatsa. Rami ba ya wannan cin amana, tunda ruwa bai taɓa mantawa da gangara ba.

Abu na farko da mai huda yake yi shi ne ya gano ko gilashin yana huduwa. Gilashi iri biyu ne a wannan kasuwa. Akwai wanda aka bari ya huce a hankali, shi ne ake yankawa ana hudawa. Akwai kuma gasasshe, wanda aka ɗumama sama da digiri 600 aka sanyaya fatarsa farat ɗaya da iska. Wannan ya fi na farko ƙarfi wajen sau huɗu, amma ƙarfin nasa daga ɗaurewa ne: fatar a matse take, cikin kuma yana ja. Da zarar bakin injin huda ya ratsa fatar, duk fuskar gilashin ta tarwatse ta zama tsakuwa, yadda gilashin ƙofar mota ke yi idan an fasa shi. Kamfanoni da dama suna sa gasasshen gilashi a gindin tanki, wasu ma a duk ɓangarorinsa, kuma ido ba ya bambancewa. Wani lokaci akwai tambari ko takarda da ke gargaɗi, wani lokaci tsohon tanki ne da ya bi hannu uku, ba abin da ya saura a jikinsa. Sai mai aikin ya ɗauko tabarau mai tace ƙyallin rana irin na masunta, ya sa allon waya ko na kwamfuta a bayan gilashin, ya riƙa juya tabaran. Idan allon ya yi baƙi ƙirin bai ɗaya, gilashin na hudawa ne. Idan ya ga zane-zane ko tabo-tabo, gasasshe ne, sai ya ce wa mai tanki ya yi haƙuri. A ganina a nan ake gane gwani. Ɗan koyo yana jin kunyar mayar da aiki, shi kuwa wanda ya daɗe ya san da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai awo. Ramin ba girman bututu ake yi masa ba, girman wuyan robar da za a zura a ciki ake bi, wato mahaɗin nan mai zare da noti wanda ke riƙe bututu a jikin gilashi. Wuyan da ke ɗaukar bututun inci 1 yakan nemi rami na wajen milimita 45, na inci 1 da rabi kuma wajen milimita 60, amma kamfani da kamfani suna saɓawa, mai kauri ya fi cin wuri. Shi ya sa mai hankali ba ya huda sai wuyan yana hannunsa ya auna shi da kansa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a bar tazarar da ba ta gaza faɗin ramin ba tsakaninsa da bakin gilashi, haka kuma tsakanin rami da rami. A tuna da nauyin da gilashin zai ɗauka. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, lita 300 yake ci, wato sama da kilo 300 na ruwa kafin a sa dutse da yashi. Siririn gilashin da aka bari tsakanin rami da gefe, a nan tsagewa ke farawa. Wani abin da baƙo ba ya tsammani shi ne ƙaramin tanki ya fi babba haɗari. Gilashin milimita 10 ko 12 yana jure hannu, na milimita 3 ko 4 kuwa nauyin injin kaɗai yana iya tsaga shi.

Bakin da ake aiki da shi zoben ƙarfe ne da aka shafe leɓensa da garin daimon. Ba shi da haƙoran yanka. Goga gilashin yake yi yana mayar da shi gari, shi ya sa ruwan da ke fitowa yake fari kamar an dama alli. Ana kwantar da tankin a kan bargo, fuskar da za a huda tana sama. Ana ɗaure katako mai rami daidai girman bakin don kada ya zame ya yi yawo, ko kuma a fara a karkace har a sami ɗan gurbi, sa'an nan a miƙe injin. A kewaye wurin da ƙullin masu gyaran famfo a yi ɗan madatsi a cika da ruwa, ko wani ya riƙe tiyo yana zubawa, domin zafi yana tsaga gilashi yana kuma kashe daimon, ruwan kuma yana hana garin gilashi tashi ya shiga huhu. Injin mai batir ake so, tunda ruwa da wayar lantarki ba su haɗa hanya. A ƙarƙashin wurin a manna salatef, a shimfiɗa tawul a cikin tankin, kada ɗan faifan da zai fita ya faɗa kan ɗaya fuskar ya fasa ta. Wannan asarar ta sha faruwa ga waɗanda suka yi ramin lafiya lau.

Daga nan sai haƙuri. Injin yana juyawa a hankali, hannu yana riƙe da shi a miƙe, ba a dannawa. Mai aikin da kunne yake bin abin: ƙarar gugar tana canzawa idan bakin ya kusa ɓullewa. A wannan milimita ta ƙarshe ake yawan ɓarna. Mutum ya gaji, ya ga saura ƙiris, ya ɗan danna, sai bayan gilashin ya ɓantare ya bar gurbi mai faɗi daidai inda zoben roba mai hana yoyo zai zauna. Gwani a nan yake ƙara sassautawa har ya ɗauke wa gilashin nauyin injin. Wasu sukan ɗaure katako a baya ya tallafi wurin, wasu su fara hudar daga ɓangaren da zoben zai kwanta, don ɓantarewar ta faɗa inda ba ta da lahani. Duka aikin mintoci ne, sai a bi gefen ramin da takardar guga a kashe kaifinsa.

Ɗaura wuyan robar ma yana da nasa tarkon. Zoben roba a ɓangaren kan wuyan yake zama, ba a ɓangaren noti ba, ko da wane ɓangare ne ke cikin ruwa, domin noti yana juyawa zai murɗe shi, ruwa kuma ya bi zaren ya fito. Da hannu ake ɗaurewa, a ƙara ɗan kaɗan. Wanda ya sa sifana ya matse iya ƙarfinsa, ko dai notin ya tsage ko gilashin. Bututun duk na roba ne, ba a yarda jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan ba, don guba ne ga murjani da jatan lande. Silikon ma sai wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba.

Yawan ramukan ya danganta da tsarin magudanar, kuma abin da ya kawo tsare-tsaren shi ne hayaniya. Ruwa da iska idan suka haɗu a bututu guda suna kwankwaɗa da gurnani, ba mai iya barci kusa da su. Richard Durso ya fito da bututu mai lanƙwasasshen kai da ke shan ruwa daga ƙasan fuska, da ɗan rami a samansa don iska, har yau da sunansa ake kiran sa. Tsarin Herbie bututu biyu ne: ɗaya cike da ruwa ba iska, ana daidaita shi da bawul har ya yi shiru, ɗayan kuma ya fi shi tsayi, a bushe yake yana jiran ranar da na farko zai toshe. Na BeanAnimal uku ne, an ƙara wanda ke kwashe ɗan rarar da ta saura. Sunayen biyun laƙabin masu kiwon da suka yaɗa su ne. Mai tanki yakan ga ramin bututun da ke jira a bushe ɓarnar kuɗi ce, tunda ba ruwan da ke bi ta ciki. Amma dodon koɗi guda ko ƙullin gansakuka ya isa ya toshe bututu, kuma ba ya zaɓar ranar da mai gida yake gida. Ni dai ban ga dalilin da za a yi kasadar huda gilashi sa'an nan a tsaya a rami ɗaya ba.

Kasuwar sana'ar ta ɗan tsuke tun da kamfanoni irin su Red Sea da Waterbox suka fara sayar da tankuna da aka huda tun daga masana'anta, da akwatin malala da bututunsu a haɗe. Abin da ya rage wa mai huda shi ne tsoffin tankuna, da na ruwan daɗi da ake so a mayar na teku, da waɗanda ake ƙerawa bisa awon ɗakin mai su. Huda tanki yana soke garantin kamfani, kuma shaguna da yawa tun kafin su taɓa shi suke faɗa wa mai shi cewa idan ya fashe asararsa ce. Masu aikin gilashi da alminiyam na garuruwanmu sun san rabin wannan ilimi, tunda sun san ƙofar gilashi ana huda ta ne kafin a gasa ta. Rabin da ya rage na ruwa ne.

Gwajin ƙarshe shi ne na ɗauke wuta. A cika tankin da ruwan famfo a waje ko a gareji, a bar shi ya kwana a ga ko yana yoyo, sa'an nan a kunna komai a zare filogi. Ruwan sama zai ci gaba da sauka har ya kai ƙasan haƙoran akwatin, bututun da ke mayar da ruwa shi ma zai juya ya riƙa zuƙowa baya har sai bakinsa ya sha iska. A tankin nan mai santimita 120 da 50, kowace santimita ɗaya da ruwan ya sauka lita 6 ce. Idan bakin bututun yana nutse santimita 5, lita 30 ke nan za su gangaro, kuma dole tankin ƙasa ya kasance da wurin karɓarsu. Shi ya sa ake ajiye bakin dab da fuskar ruwa, ko a yi masa ɗan rami da zai shigar da iska ya katse zuƙon. A Jamus wannan gwajin na ranar da ba a fata ne, a ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya kuwa kullum tankin zai sha shi. Idan ka ba da tankinka aka huda, kada ka biya cikon kuɗin sai mai aikin ya zare filogin a gabanka, ya toshe babban bututun da hannunsa ya sake kunnawa, ka ga ƙasa a bushe.