Yadda Ake Haɗa Bidiyon Gaggauta Lokaci da Wayar da Ba Ta Zo da Tsarin Ba

Masu bibiyar TikTok da Instagram sun san irin bidiyon nan da hadari ke haɗuwa cikin sakan goma, ko rana ta faɗi kamar an jawo ta da igiya. A wasu wayoyin, tsarin yana cikin kyamara da sunan Time-lapse. Wayoyi da dama ba su zo da shi ba, amma wannan ba zai hana mutum haɗa nasa ba.

A fara da lissafi

Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna a jere, yawanci 24 ko 30 a kowane sakan. Idan aka riƙa ɗaukar hoto ɗaya duk bayan sakan biyar, sannan aka jera su a kan 30 a sakan, lokaci zai riƙa gudu. Bidiyon sakan 10 yana buƙatar hotuna 300, wato minti 25 ana ɗauka. Wanda bai yi wannan lissafin ba zai iya tashi bayan minti biyar, ya tarar sakan biyu kacal ya samu, rana kuwa ta riga ta faɗi.

Saurin abin da ake ɗauka ne ke nuna tazarar: sakan 1 zuwa 2 don cunkoson kasuwa, 3 zuwa 5 don gajimare da faɗuwar rana, minti ɗaya ko fiye don aikin gini.

Hanya ta farko: ƙara wa bidiyo sauri

A ɗauki bidiyo kamar yadda aka saba, a shigar da shi CapCut ko InShot, a ƙara saurinsa, a cire sautin. Idan saurin bai isa ba, a fitar da bidiyon a sake ƙarawa. Ita ce mafi sauƙi, sai dai tana cinye wuri da caji, domin minti 25 na bidiyo mai 1080p zai iya haura 2GB.

Hanya ta biyu: hoto bayan hoto

Manhajar Open Camera kyauta ce a Play Store. A saitinta akwai Repeat, inda ake zaɓar yawan hotuna da tazarar da ke tsakaninsu. Bayan an gama, a tara hotunan wuri guda a haɗa su da FFmpeg, a Linux ko a cikin Termux na Android:

ffmpeg -framerate 30 -pattern_type glob -i "*.jpg" -vf scale=1920:-2 -pix_fmt yuv420p hadari.mp4

Wannan hanya ta fi fitar da hoto tangaran.

Abubuwan da ke ɓata aiki

Babbar matsalar ita ce ƙyaftawar haske. Idan aka bar kyamara tana saita haske da kanta, wani hoton zai yi duhu, wani ya yi fari, sai bidiyon ya riƙa ƙyaftawa kamar ƙwan lantarkin da ya kusa mutuwa. Don haka a kulle saitin haske da na hange tun kafin hoton farko.

Na biyu, motsi. A ɗora wayar a kan sandar kyamara mai ƙafa uku, ko a tokare ta sosai da littattafai, kada a taɓa ta har a gama. A sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse aikin, a jona mata fawa banki, a kuma ajiye ta a inuwa, domin wayar da ta ɗauki zafi tana iya rufe kyamara da kanta.

Kafin a zauna dogon ɗauka, a gwada na minti biyu a duba. Gara a gano kuskure a gwaji da a gano shi bayan hadarin ya watse.