Gaba da Gabanta: Bairos Mai Kama Bairos

Mun saba jin bairos ya kama mutum, ya kama dabba, ya kama shuka. Ashe shi ma akwai mai kama shi.

1. A 2008 masana daga Marseille ta Faransa suka gano wani ɗan mitsitsin bairos a ruwan wata hasumiyar sanyaya ruwa a Paris, suka raɗa masa suna Sputnik. Ba ya hayayyafa sai wani ƙaton bairos ya riga shi shiga jikin wata ƙaramar halitta mai suna amiba. Sai ya kutsa inda ƙaton ke ƙera 'ya'yansa, ya ƙwace kayan aikin ya ƙera nasa. 'Ya'yan ƙaton su fito kaɗan, wasu ma a nakashe.

2. Irin wannan ƙato, Mimivirus, an fara tsintarsa a Bradford ta Ingila a 1992. Saboda girmansa aka ɗauke shi bakteriya, sai a 2003 aka gane bairos ne.

3. Mavirus, wanda aka bayyana a 2011, yakan ɓuya cikin ƙwayoyin gadon wata ƙaramar halittar teku. Ranar da ƙato ya kawo hari sai ya farka. Halittar da aka kama ba ta tsira, amma maƙwabtanta suna samun kariya.

4. A 2023, a jihar Maryland ta Amurka, aka ɗauki hoton bairos mai suna MiniFlayer maƙale a wuyan wani bairos kamar kaska, domin su shiga bakteriya tare.

5. Bairos na ciwon hanta nau'in D ba ya yaɗuwa sai ya ari rigar nau'in B. In suka haɗu a jiki, hanta ta fi saurin lalacewa.

6. Magani fa? Bairos mai suna AAV, wanda ke dogara da wani bairos kafin ya hayayyafa, yanzu shi ne ɗan aiken likitoci. Ana cika shi da ƙwayar gado mai lafiya a tura cikin jiki. Haka Zolgensma ke aiki, maganin wata cutar shanyewar tsoka ta jarirai da Amurka ta amince da shi a 2019.

Su Sputnik kam har yanzu suna ɗakin bincike. Amma darasin hanta ya riga ya iso gida: nau'in B ya yawaita a Yammacin Afirka, kuma allurar rigakafinsa tana tare nau'in D. A kai jarirai a yi musu ita tun ranar haihuwa.