Daga lambun Jakara zuwa shafin mujalla: yadda binciken noma ke zama abin dogaro

Idan kana sayen alayyafo ko latas a Kasuwar Rimi lokacin rani, mai yiwuwa ka taɓa jin ana cewa "bincike ya nuna" ganyen da ake ban ruwansa da ruwan Jakara yana da guba. Magana ce mai nauyi. In gaskiya ce, lafiyar iyalinka na cikin haɗari. In kuma an zuzuta ta, to abincin 'yan lambu masu yawa aka taɓa ba gaira ba dalili. Shi ya sa ya kamata ka san hanyar da sakamakon bincike ke bi kafin ya cancanci a kafa hujja da shi.

Tambayar ta daɗe a hannun masana

Rafin Jakara ya ratsa cikin birnin Kano ta gefen Kasuwar Kurmi, yana kwashe ruwan kwatocin unguwanni, sannan a gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su gangara dam ɗin Wasai. Manoman rani na jan wannan ruwa su shayar da lambunansu. A 2003, Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero sun wallafa maƙala kan ruwa da ƙasa da lafiya a noman cikin garin Kano, a mujallar Land Degradation & Development. A 2011 kuma Nafiu Abdu da abokan aikinsa suka wallafa tasu kan sinadaran kadmiyam da zink a lambunan Kano. Kowace daga cikinsu sai da ta bi matakan da za ka gani a ƙasa.

Kafin a fara rubutu

A gona ake cin jarrabawar maƙala ko a faɗi. Mai bincike zai tsara tun farko: lambu nawa zai ɗauki samfur, sau nawa, a wane wata? Ruwan Jakara na watan Afrilu ya fi na Agusta kauri, domin ruwan sama na tsarma shi da damina. Dole kuma ya samo ganye daga wani lambu da ake shayarwa da ruwa mai tsabta, don ya sami abin kwatantawa. Wanda ya tsinko ganye daga kwami ɗaya ya kai ɗakin gwaje-gwaje, iya labarin kwamin nan kawai zai iya bayarwa, komai kyan Turancinsa.

Yadda ake gina maƙala

Yawancin mujallun kimiyya tsari guda suke so. Take da tsakure ne a gaba, tsakuren kuwa bai cika wuce kalmomi 250 ba, kuma shi mutane suka fi karantawa. Gabatarwa za ta faɗi abin da aka riga aka sani da giɓin da ya rage. Sai sashen hanyoyin bincike, inda za a zayyana komai dalla-dalla: wurin da aka ɗebi samfur, ko an wanke ganyen, zafin da aka busar da shi, na'urar da ta yi awo. Manufar ita ce wani a Zariya ko Maraɗi ya iya maimaita aikin ya ga ko abu ɗaya zai samu. Sashen sakamako alƙaluma ne da jadawali tsantsa. A sashen sharhi ne marubuci zai faɗi ma'anar alƙaluman, ya kuma faɗi inda aikinsa ya tsaya. Manazarta ke rufe maƙalar.

Zaɓen mujalla da turawa

Kowace mujalla na da fagenta da ƙa'idojinta na marubuta: yawan kalmomi, salon jera manazarta, girman jadawali. A Kano akwai Journal of Dryland Agriculture ta Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna da ke Jami'ar Bayero, akwai kuma BAJOPAS ta fannin kimiyya a jami'ar. Ɗaruruwan mujallun Afirka suna kan dandalin AJOL da aka fara a 1998. Marubuci zai ɗora maƙalar a shafin mujallar a intanet, tare da gajeriyar wasiƙa ga edita mai bayyana abin da aikin ya zo da shi sabo. Zai tabbatar duk wanda sunansa ke kai ya yi aiki kuma ya amince, ya bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken. Akwai doka guda da ba a wasa da ita: ba a tura maƙala ɗaya wa mujallu biyu a lokaci guda. Mujallu da dama kuma kan sa manhaja ta bi rubutun don gano satar fasaha.

Hannun masu bita

Edita ne zai fara dubawa. Yana iya mayar da ita cikin 'yan kwanaki idan ba fagensu ba ne, ko in tsarin binciken ya yi rauni. Idan ta tsallake, sai ya aika wa masana biyu ko uku a fannin, galibi marubucin bai san ko su waye ba, kuma yawancinsu ba a biyansu ko sisi. Aikinsu shi ne su nemo inda maganar za ta karye.

Ga misalin irin abin da suke kamawa. Hukumar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa, ta sa iyakar dalma a ganyayyakin ci miligiram 0.3 a kowane kilo, kadmiyam kuma 0.2. Da nauyin ɗanyen ganye ake wannan lissafi. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa busar da ganyen ake yi a niƙa kafin a auna. Wajen kashi 90 cikin 100 na nauyin ɗanyen ganye ruwa ne, saboda haka kilo goma na ɗanye zai dawo kusan kilo ɗaya in ya bushe. A ce mai bincike ya sami miligiram 2 na dalma a kilon busasshen alayyafo. Idan ya gwada shi kai tsaye da 0.3, zai ce an haura iyaka fiye da ninki shida. Idan ya mayar da shi lissafin ɗanye, 0.2 ne zai fito, ƙasa da iyakar. Ka ga kenan tambaya ɗaya daga mai bita, "da ɗanye ka auna ko da busasshe?", tana iya juya hukuncin gaba ɗaya. Haka nan in an wanke ganyen da ruwan ɗakin gwaji tsaf, alhali mai sayarwa a rafin yake ɗauraye shi, ana iya raina haɗarin da ke akwai.

Bayan makonni ko watanni sai amsa ta zo: an karɓa, ko a yi ƙananan gyare-gyare, ko manya, ko an ƙi. Da wuya a karɓi maƙala karon farko ba gyara. Marubuci zai amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya, ya nuna inda ya gyara, ya kare inda yake da hujja cikin ladabi. In an ƙi, sai ya gyara ya nufi wata mujallar. Wadda aka karɓa za a ba ta lambar DOI, wato adireshinta na dindindin a intanet.

Mujallun bogi

Ƙarin girman malamin jami'a ya rataya ne a kan yawan wallafe-wallafensa, kuma 'yan damfara sun gane haka. Akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga ba tare da bita ba. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya shirya maƙalar ƙarya mai kurakurai a fili, ya tura wa mujallu 304, sai 157 suka karɓe ta. Karɓar kuɗin bugawa shi kaɗai ba alamar damfara ba ce, domin manyan mujallu da ke barin kowa ya karanta kyauta su ma suna caji. Alamun da za ka lura da su: saƙon imel na roƙon maƙala, alkawarin bugawa cikin mako guda, da mujalla ɗaya da ke ɗaukar noma da shari'a da injiniyanci duk a tare.

Abin da za ka riƙe

Bita na rage kuskure, amma ba ta kawar da shi duka, har janye maƙala ake yi bayan an buga. Don haka duk lokacin da aka turo maka "bincike ya nuna" a WhatsApp kan ganyen Jakara ko wani abinci, yi tambayoyi huɗu. A wace mujalla ya fito? Yaushe aka karɓe shi, kuma kwana nawa ya yi a hannun masu bita? Yawancin mujallu kan rubuta waɗannan ranaku a shafin farko. Lambu nawa aka auna, a wane lokaci na shekara? Wasu masu binciken daban sun sami irin wannan sakamakon? Idan mai turowar ba shi da amsar ko ɗaya, dakata da yaɗawa. Kafin nan kuma, wanke ganyenka sosai da ruwa mai tsabta: yana rage ƙasa da ƙwayoyin cuta da ke jikinsa, ko da yake ba ya fitar da ƙarfen da tsiron ya riga ya zuƙa ta saiwarsa.