Mumbai: Ana rushe gidajen da Turawa suka gina wa ma'aikatan masaƙu

A unguwar Worli da ke tsakiyar birnin Mumbai na ƙasar Indiya, akwai wasu tsofaffin benaye masu hawa huɗu da aka jera reras kamar barikin soja. Mutanen gari na kiran irin wannan gini chawl. Kowane bene na da ɗaki 80, ashirin a kowane hawa, kuma ɗaki guda shi ne gidan iyali guda. Girmansa murabba'in ƙafa 160 ne kacal. A ciki ake girki, a ciki ake kwana, banɗaki kuwa na haɗaka ne. Yanzu ana rushe su ɗaya bayan ɗaya.

Masaƙun auduga ne suka haifar da gidajen. Tun ƙarni na 19 mutanen karkara ke kwararowa Bombay, kamar yadda ake kiran birnin a lokacin, don neman aiki, har aka laƙaba wa yankin suna Girangaon, wato ƙauyen masaƙu. Cunkoso ya yi yawa, annobar da ta ɓarke a 1896 kuma ta kashe dubban mutane. A 1920 gwamna George Lloyd ya kafa hukumar raya birnin, BDD, wadda ta gina benaye 207: guda 121 a Worli, 42 a Naigaon, 32 a titin da yanzu ake kira N.M. Joshi, sai 12 a Sewri.

Da farko ma'aikata sun ƙaurace musu, saboda kuɗin haya ya yi musu yawa, ɗakunan kuma ga zafi ga duhu. Turawa sun mayar da wasunsu gidan yari, inda suka tsare masu fafutukar neman 'yanci.

Sannu a hankali gidajen suka cika, kuma abin da ya raya su shi ne dogon barandar da ke tsakanin ɗakuna. Da yake ɗaki ba ya ɗaukar kowa, rayuwa sai ta fito waje: ƙofofi a buɗe, maƙwabta na duba 'ya'yan juna, maza na shimfiɗa tabarma a baranda da dare. A filayen da ke tsakanin benayen ake bukukuwan addini da tarukan ƙungiyoyin ƙwadago. B.R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya shafe kimanin shekara 20 a irin wannan gida a unguwar Parel. Ba kullum ake zaman lafiya ba: a 1974 an yi mummunan rikici a gidajen Worli tsakanin 'yan Dalit da wasu maƙwabtansu.

Yajin aikin 1982 da Datta Samant ya jagoranta, wanda ma'aikata kusan 250,000 suka shiga, shi ne ya karya lagon masaƙun. Da yawa ba su sake farfaɗowa ba. Filayensu sun koma ofisoshi da kantuna, masaƙar Phoenix ma yanzu katafariyar cibiyar kasuwanci ce. Haka 'ya'ya da jikokin leburori suka wayi gari zaune a kan filin da ke cikin mafi tsada a Indiya.

A 2017 gwamnatin jihar Maharashtra ta ƙaddamar da aikin sake gina unguwannin a ƙarƙashin hukumar gidaje ta MHADA. Alƙawarin shi ne duk iyalin da ya cancanta zai sami gida mai murabba'in ƙafa 500 kyauta, da banɗakinsa a ciki, a benayen da suka kai hawa 40 a Worli. Za a sayar da wasu gidajen da aka gina a ragowar filin don biyan kuɗin aikin. A watan Agustan 2025 aka miƙa makullai ga iyalai 556 na farko.

Wanda ya girma yana bin layin banɗaki da asuba ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin wannan sauyi. Amma taƙaddama ba ta ƙare ba kan wanda ya cancanta, da tsawon zaman jira a gidajen wucin gadi. Sabbin benayen kuma lif ne da ƙofofi a kulle, babu barandar da za ta haɗa iyali ashirin. Mazauna Sewri ma ba a fara da su ba, domin filinsu na hukumar tashar jiragen ruwa ne, wadda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya.