Rama Ana Cin Abinci: A Duba Maƙogwaro

A kasuwar Sukukutane, kamar sauran kasuwannin Arewa, mun saba idan mace ta fara ramewa sai surutu ya tashi. Wasu su ce kishiya ce, wasu iskoki, wasu ma su raɗa sunan ƙanjamau. To amma akwai wata cutar da ba mu cika kawowa a rai ba.

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke daidaita saurin aikin jiki. In ta wuce kima, sai mutum ya yi ta ci yana ramewa, zuciya na dukan uku-uku ko yana zaune, zufa ko da sanyin hunturu, barci ya ƙi. Hannu na rawa har ƙirgar canji ta gagara. Wata idanunta su firfito, al'adarta ta ragu. Ta fi kama mata, kuma ba lalle wuya ya kumbura ba.

Gishiri mai aidin na hana maƙoƙon rashin aidin, amma ba ya warkar da wannan.

Gwajin jini ne ke raba gardama, kuma a nan ake ruɗewa. Takardar na nuna TSH da T4. TSH kamar sautu ne da ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod: a ƙaro kaya. In rumfa ta cika maƙil, wa zai sake sautu? Shi ya sa idan TSH ya faɗi ƙasa da 0.4 ko kusa da haka, T4 kuma ya hau, tayirod ta yi aiki fiye da kima ke nan. In TSH ne ya hau T4 ya sauka, kasala ta yi, maganinta kuma daban. Mai ƙaramin ciki ta faɗa wa likita, don a watanni 3 na farko TSH kan sauka ba da cuta ba.

A fara daga asibitin Dogon Dutsi, in ta kama a tura mutum Doso ko Yamai. Ƙwayar carbimazole akan sha ta wata 12 zuwa 18, ba a yankewa don an ji sauƙi. In an bar cutar, zuciya take gajiyarwa. Mai shan ƙwayar da ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ta dakata da ita, ta ga likita a ranar, ko da ranar kasuwa ce.