Tukunyar gas a kan hanya da zafin bazara

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tukunyar gas ta bar kicin ta kama hanya. Masu janareta da yawa sun sauya kabureta suna tayar da ita da gas, masu shayi sun jingine risho, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kuwa 'yar ƙaramar nan mai kilo 3 ko 6 ita ce murhun da yawansu. A yankin Moriki da Zurmi akwai ƙarin dalili, domin shiga daji neman icce ya zama kasada saboda 'yan bindiga. Wurin cikawa kuma ba kowane gari ke da shi ba. Shi ya sa za ka ga tukunya ɗaure da roba a bayan kabu-kabu, ko kwance a but ɗin motar da ta nufi Shinkafi ran Alhamis, buhuna a kanta.

A Amurka, masu jan ɗaki mai taya a bayan mota, da murhu da firiji a ciki, ba sa yi wa tukunya wannan riƙon. A tsaye suke ɗaure ta, a waje ko cikin akwati mai kafar iska ta ƙasa, sannan na'urar da ke sansano gas daf da daɓe ake kafa ta. Dalili shi ne gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a kwari, ƙarƙashin gado ko cikin but. Ɗakunanmu masu 'yar taga can sama kusa da rufi ba su da amfani a nan. Ƙofa ce mafita. Warin da ake ji ma ba nasa ba ne, wani sinadari ake zuba masa da gangan don hanci ya kama.

Girgiza tukunya ka ji motsi: ruwa ne a ciki, haɗin furofen da butan da aka matse. Lita ɗaya ta wannan ruwa in ta samu sarari tana zama lita 250 ko fiye ta iska. Kuma zafi na kumbura shi, shi ya sa ƙa'ida ita ce kada a wuce kashi 80 cikin 100, a bar masa wurin numfashi. Mai cewa "cika mini ita har wuya" yana ganin ya ci riba ne. To a kai wannan tukunya but ɗin mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, a rufe, a bi ramukan hanya da ita. In tana kwance, ruwan ne ke kan bakinta, don haka abin da zai tsiyayo ba iska ba ce, ruwa ne mai ninkuwa. Nauyin tukunya babu komai a buge yake a jikin mariƙinta. Don ka san abin da aka zuba maka, ka tsaya a ɗora ta a sikeli a gabanka, lissafin ba wuya.

Ranar 4 ga Janairu, 2020, wani shagon sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha, Kaduna. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, wanda ba gas ya je saye ba. Juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shago cikin jama'a abu ne da hukuma ta daɗe da hanawa, amma har gobe ana yi, wani lokaci kusa da mai walda ko mai tsire.

A gida kuwa, tiyo ne ya fi cin amana. Rana da hunturu na busar da shi ya tsattsage, ɓera ya ƙarasa. Wasu ma tiyon ban-ruwa suke sawa, su ɗaure da waya. Gwajin ba ya cin ko sisi: a dama sabulu da ruwa, a shafa a bakin tukunya da duk mahaɗa, a buɗe gas. Inda kumfa ta riƙa tasowa tana girma, nan ɓarakar take, kuma sau da yawa 'yar robar nan ce ta cikin baki ta mutu. Ashana ba abin gwaji ba ce, ko da wani ya yi ya sha. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya koma ɗorawa yana baƙanta gindin tukunyar miya, kan murhun ya toshe, kuma yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kwantar da mutum a rufaffen ɗaki lokacin sanyi.

Ita kanta tukunyar tana tsufa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta yanka mata shekara 15, kuma shekarar ƙira na jikinta. Sai dai ta hannu da ake sayarwa a kasuwa kan sha sabon fenti har ya rufe lambar, don haka mai saye ya kifa ta ya duba gindi, inda tsatsa ke fara ci.