Jinyar Mai Ciwon Daji Bayan Magani Ya Gaza: Matsayin Fiƙihu

Idan ciwon daji ya yaɗu a jiki har likitoci suka tabbatar cewa tiyata da gashi ba za su warkar ba, aikin jinya bai ƙare ba, manufarsa ce ta sauya. Abin da ake nema daga nan shi ne sassauta raɗaɗi da kiyaye mutuncin majinyaci da tallafa wa iyalinsa. Wannan fanni ya samu siffarsa ta zamani a gidan jinyar da Cicely Saunders ta buɗe a Landan a 1967, kuma a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba da maganin raɗaɗi mataki uku, wanda matakinsa na ƙarshe ya ƙunshi mofin.

Tambayar da ta fi damun iyali ita ce: shin dakatar da magani yanke ƙauna ne daga rahamar Allah? Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani ba ɗaya ba ne. Yana wajaba idan barinsa zai kai ga halaka, yana zama mustahabbi ko halas a wasu halaye, yana kuma zama makaruhi idan ana tsoron illarsa ta zarce ta cutar. Saboda haka wanda ya bar maganin da ƙwararru suka ce wahala kawai zai ƙara masa bai yi zunubi ba, kuma ba a wajabta wa iyali su sayar da gonar da marayu za su ci a kansa ba. Sai dai majalisar ta ɗora wa likitoci da dangi nauyin ci gaba da kulawa da rage masa zafi, ko da an fid da ran warkewa. Gaggauta mutuwa da allura kuwa kisan kai ne, ko da majinyacin ne ya roƙa.

Batun mofin ya fi buƙatar tsayawa, domin da yawa suna ƙyamarsa bisa zaton hukuncinsa hukuncin giya ne. Alƙarafi a littafinsa Alfuruƙ ya raba abin da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai gurɓata hankali ba tare da nishaɗi ba, da mai gusar da ji da gani baki ɗaya. Na farkon kaɗai ya keɓanta da haddi da najasa da haramcin kaɗan ɗinsa. Ko an yi saɓani a kan rukunin da mofin ya faɗa, larurar mai raɗaɗin daji ta isa hujja, matuƙar likita ne ya auna adadin kuma nufin shi ne rage zafi. Abin lura ma, zafi mai tsanani shi ya fi hana mutum salla da zikiri. Wanda aka sassauta masa yakan iya yin taimama ya yi sallarsa a zaune ko a kwance. Haƙuri a kan ciwo ibada ne ga wanda ya zaɓa wa kansa, ba abin da dangi za su tilasta masa ba.

Akwai al'adar da ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa, ta ɓoye wa majinyaci gaskiyar halinsa don tausayi. Niyyar kyakkyawa ce, amma tana tauye masa haƙƙi. Cutar ajali tana da hukunce-hukunce: kyautar da ya yi a cikinta ba ta zarce sulusin dukiyarsa sai da yardar magada, kamar yadda wasiyya ba ta zarce shi, bisa hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Wanda bai san halinsa ba yaushe zai bayyana bashin da ke kansa, ya mayar da amana, ya nemi yafiyar wanda ya zalunta? Abin da ya dace shi ne a sanar da shi sannu a hankali gwargwadon abin da yake son ji, ba tare da yanke masa rana ba, a kuma zaɓi mai taushin harshe daga cikin dangi ya zauna tare da likita lokacin da za a faɗa masa.